Kalmar da Aka Binne Compton da Ita

Compton ya mutu ranar Lahadi da safe, a zaune a kan kwalbati, a gefen titin da masu tsuntsaye ke taruwa. Waɗanda ke wurin sun ce hularsa ce ta fara faɗuwa, sannan shi ya bi ta a hankali kamar mai neman abu a ƙasa. Kejinsa na rataye a jikin sanda, ana tsakiyar gasa. Lokacin da abokinsa Sookdeo ya zo gaya mini, albasa nake yankawa. Na ji abin da ya faɗa sarai. Na ce to, na ƙarasa yankan, na kife faranti a kai saboda ƙuda, sannan na shiga neman takalmina. Ko albasar ba ta sa ni hawaye ba.

Na ɗauka kukan zai zo a asibiti, bai zo ba. Na ɗauka zai zo da na dawo na tarar da kofinsa a kan tebur da ragowar shayi, nan ma bai zo ba, wanke kofin kawai na yi. Mata suka cika gidan suna rungume ni, ina jin ɗumin jikinsu da ƙanshin hodarsu, amma cikina shiru kamar ajin da yara suka tashi. Ba baƙin ciki nake ji ba, ba kuma sauƙi ba. Ba na jin komai, kuma na san mutane sun lura.

Sunana Ismay, amma a garinmu na gaɓar Berbice kowa Malama yake ce mini, har waɗanda suka girme ni. Turanci na koyar a makarantar garin har na yi ritaya, daga nan aikina ya koma kan matattu. Duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya hawo matakalata da ranar haihuwa da sunayen 'ya'ya, ni kuma in rubuta jawabin da za a karanta a kan gawa, ko a coci ne ko a bakin teku inda 'yan Hindu ke ƙona nasu. A gida da kasuwa Turancinmu na gargajiya muke yi, mai karyayyen wuya, amma ba mai yarda a sallami mamacinsa sai da Turancin littafi.

Ba wanda ke zuwa jana'iza don ya ji ranar haihuwa. Jimla ɗaya ake jira, wadda nake faɗin abin da mamacin ya fi so a duniya. Mazan garinmu kowa da haukansa. Wani wasan kurket, wani wasan domino, wani kamun kifi, wani kuma tun Kirsimeti yake fere tsinke yana manna takarda don abin wasan da zai sakar wa iska ya tashi sama ranar Ista. Ni kuwa kalmomi huɗu gare ni da nake raba musu.

In na ce mutum enthusiast ne, ma'ana ya so abinsa, ya yi nishaɗinsa, bai cuci kowa ba. In na ce aficionado, to wannan ya san abin ciki da waje, har daga wasu garuruwa ana zuwa tambayarsa. Wannan ba na bayar da ita da arha, wani tsohon tela mai kiwon tattabaru kaɗai ya taɓa samu. In na ce devotee, to mutumin ya ɗebi abin da yake haƙƙin gidansa ne, lokacinsa da hankalinsa da hirarsa, ya kai wa abin wasansa, matarsa ta zauna tana kallon bango. Ta ƙarshe ita ce fanatic, ta wanda ya fasa kan wani ko ya sayar da saniyar gida a kan abin banza.

Ban taɓa zama na yi wa kowa wannan bayanin ba. Tsofaffin matan da ke zama a bencin baya ne suka gano da kansu, suka yaɗa. Har ta kai mace na iya leƙowa ta taga ta ce wa mijinta da ke buga domino, “Ci gaba, ai Malama na nan tana ajiye maka kalmarka.” Mutane sun roƙe ni, wasu sun kawo mini kaza, wata ta daina gaishe ni. Ban taɓa ba mamaci kalmar da ba tasa ba. Ba ni da gona, ba ni da mota, wannan ne abin da nake taƙama da shi.

Yanzu ga Compton a firjin asibiti, jana'iza ranar Asabar, garin kaf ya kasa kunne. Ni na san kalmarsa tun kafin in gama yanka albasar nan. Devotee ne, ba ko tantama. Amma in na tsaya gaban jama'a na faɗe ta, na faɗa musu da bakina cewa Malama, mai gyara wa kowa zance, kusan shekara arba'in tana bayan tsuntsun da bai kai babban yatsa ba a gidanta. In kuma na faɗi wata, na yi ƙarya, duk kalmomin da na raba wa mazan mutane sun zama na banza.

Tsuntsun towa-towa ne, baƙi mai jan ciki, sunansa Gwamna. Kafin shi an yi wasu, amma shi ne ya fi daɗewa. Compton mai kula da ƙofar ruwa ta bakin teku ne, yana buɗewa yana rufewa daidai da cikar teku da janyewarsa, aikin da ke barin mutum da lokaci mai yawa da magana kaɗan. Da asuba zai tashi ya wanke keji, ya canja ruwa, ya shiga ciyawar bakin gonakin shinkafa ya tsinko 'ya'yan da tsuntsun ke so. Sannan ya ɗauki kejin a hannu ɗaya, keke a ɗaya, ya zaga da shi titi don ya saba da ƙarar motoci da hayaniyar mutane. Ina jiyo shi a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da suka ɗaga gidan sama, yana yi wa Gwamna magana ƙasa-ƙasa, yana tambayarsa ya ya kwana. Ni ban tuna ranar da ya tambaye ni ba. Ni kaɗai nake karyawa, in bar masa nasa a rufe.

Tun ranar Lahadin da Sookdeo ya dawo da kejin, na ce ya rataye shi a ƙusarsa ya lulluɓe da ƙyallensa. Ba na son ganinsa. Tsuntsun ma bai ce uffan ba.

Yayar Compton, Waveney, ita ta fara zuwa da buƙatarta. Da la'asar ne, muna zaune a ƙarƙashin gida muna tsince shinkafar da za a dafa wa masu zaman makoki, maza a gefe suna jera bencuna da teburan domino. Mace ce mai ƙiba da son a ce danginsu ba su da tabo. Ta matso da kujerarta har gwiwarta na taɓa tawa.

“Ismay, kin fara rubutun?”

“Na fara.”

“To, don Allah ki sassauta. Ki ba shi 'yar ƙaramar nan, ta masu nishaɗi. Wa ya cuta? Bai sha giya ba, bai bi mata ba, albashinsa a hannunki yake zubewa. Ni mijina da tsuntsu ya bi, ai da na yi rawa a titi.”

“Mijinki ba tsuntsu ya bi ba, Waveney, kowa ya san abin da ya bi.”

Ta yi tsaki, ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. “Bakin nan naki ko mutuwa ba ta rufe shi. Rufin asirinki nake nema miki, ba nawa ba. Kina so matan bencin baya su samu abin taunawa har Kirsimeti? Kuma ki riƙa ɗan share ido in mutane sun shigo. Ana magana.”

Na ce mata na ji. Na ci gaba da tsince shinkafa, ina ware baƙi daga fari, abin da hannuna ke iya yi ke nan ba sai da ni ba.

'Yarmu Onika ta iso daga Toronto ranar Laraba, da akwati mai nauyin mutum da idanu a kumbure. Ita ta yi kukan da ni na kasa, tun daga kan 'yar gadar katakon da ke ƙofar gida har saman matakala. Na riƙe ta, ina shafa bayanta, ina lura da cewa ta rina gashinta. Da ta huce ta ci abinci, sai ta same ni a ɗaki da takarda a gabana, fushin ya maye gurbin kukan.

“Mama, wace za ki ba shi?”

“Ban gama ba.”

“Fanatic. Ki rubuta, ni zan karanta in ke ba za ki iya ba.”

“Ubanki bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Bai sayar da ko cokali ba.”

“Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta, da keji ya shigo zauren. Da keji, Mama! Yara suna nuna ni suna dariya. Ranar da zan bar ƙasar nan, a bakin titi ya sa ni a bas ya juya, wai Gwamna na zubar da gashi ba a barinsa. In na bugo waya daga can, cikin sanyin nan, abin da zai ce shi ne, tsaya ki ji, sai ya kara wayar a jikin keji. Kuɗin wayata ke tafiya ina sauraren tsuntsu.”

“Na sani, ina wurin.”

“To me ya sa kike zaune haka kamar ba mijinki ne ya mutu ba? Ki yi fushi mana, ko ki yi kuka, ki yi wani abu!”

Na dube ta. Gaskiyarta ne, kuma na so in ba ta abin da take nema, amma na laluba ban samu ba. Na ce mata kalmar nan tana da masu ita, ubanta ba ya cikinsu. Ta fita ta bugo ƙofa har hoton aurenmu ya karkace a bango. Na tashi na daidaita shi.

Sookdeo kuwa kullum da safe sai ya zo, ya ɗaga ƙyallen kaɗan, ya zuba ruwa da 'ya'yan ciyawa, ya mayar. Siririn mutum ne, tsohon mai yankan rake, da haƙori ɗaya na zinariya. Ranar Juma'a ya tsaya a gindin matakala yana murza hularsa har na gaji na sauko.

“Malama, mu 'yan tsuntsu mun zauna mun yi magana.”

“Kun iya zama ku yi magana ashe, na ɗauka fito kawai kuka iya.”

Ya yi murmushi, haƙorin ya haska. “Babbar kalmar nan, mai tsawo, wadda kika ba tela. Ita muke roƙa wa Compton. Wallahi ya cancanta. Mutumin nan in ya ji tsuntsu daga bayan shinge, zai gaya miki dajin da aka kamo shi.”

“Sookdeo, Gwamna ya taɓa cin gasa?”

Ya sunkuyar da kai. A gasarsu keji biyu ake ratayewa kusa da juna, mutum biyu su tsaya suna ƙirga kukan kowane tsuntsu, wanda ya riga kai adadin da aka yanka shi ya ci. Na san amsar kafin in tambaya, don ba Lahadin da Compton ya taɓa dawowa da wani abu ban da yunwa.

“Bai taɓa ba,” in ji shi. “Amma ba laifin murya ba ne, Malama. Tsuntsun nan ya fi duk na gaɓar nan sauri. Aibi ɗaya gare shi. Yana cikin zuba kamar injin ɗinki, ya kusa kaiwa, sai ya tsaya cak ya yi wannan fiton na banza, sama da ƙasa. Ba a ƙirga shi. Kafin ya dawo kan hanya, abokin karawarsa ya wuce.”

Na san fiton. Na Compton ne. In ya dawo daga yawon safe, keji a hannu ɗaya keke a ɗaya, sai ya tsaya a kan gadar katako ya yi fito, sama da ƙasa, in sauko in zare masa sakatar ƙyaure. Tun Gwamna na ƙarami yake jin wannan a kunnensa, har ya ɗauka. Sau nawa shegen tsuntsun nan ya sauko da ni daga bene, hannuna duk kumfar sabulu, in tarar ba kowa a ƙofa, Compton na kwance a lilonsa na yadi yana dariya har da tari. Na tuna wannan a tsaye a gaban Sookdeo, na tuna shi kamar labarin da na karanta a jarida.

“Wanda tsuntsunsa bai taɓa ci ba, ba zan ce da shi gwani ba,” na ce.

“To shi ke nan, ke ce Malama.” Ya sa hularsa, ya sake cirewa. “In an gama komai, ki ba ni shi. Zan kai shi gidana, in ajiye shi kusa da tsohon tsuntsuna da ya sha cin gasa, ba abin da zai ji sai kuka mai kyau. Kafin damina ta fita ya manta wannan fiton. In ya ci gasa, da sunan Compton zai ci.”

Na ce ya zo ya ɗauka ranar Lahadi. Da a ce a lokacin ya nemi gadon da muke kwana ma, ina jin ba shi zan yi.

Ranar Asabar cocin ya cika har waje. Fasto ya hana shiga da keji, don haka 'yan tsuntsu suka jera kekunansu a bakin lambatu, suka rataye kejinansu a shingen coci, kowanne a lulluɓe da ƙyalle, su kuma suka tsaya a baya da riguna masu guga da ba su saba da su ba. Akwatin na gaba. An sa wa Compton kwat ɗin aurenmu, an shafa masa hoda da yawa, ya yi kama da wani baƙo mai kama da shi. Sabon takalmin da Onika ta kawo mini yana matse mini ɗan yatsa.

Da aka kira ni na tashi. Na karanta inda aka haife shi, da makarantar da ya yi, da shekarun da ya yi yana tsare garin nan daga ruwan teku ba tare da ya taɓa makara ba. Muryata na fita daidai, irin ta aji. Ina jin yadda mutane ke gyara zama, masu fifita suka daina fifita. Waveney ta kafe ni da ido daga bencin gaba, tana ɗan gyaɗa mini kai. Onika ta naɗe hannu a ƙirji. Sookdeo a can baya ya buɗe baki kaɗan kamar yaron da ke jiran sakamakon jarrabawa.

Na dubi takardar, duk da na san abin da ke ciki.

“Compton,” na ce, “devotee ne na tsuntsun towa-towa, tun yana saurayi har safiyar da ya bar duniya.”

Wani dogon numfashi ya ratsa cocin. A bencin baya na ga kawuna sun haɗu. Waveney ta rufe fuska da hankici. Onika ta dube ni, ta kawar da kai. Na ƙarasa sauran, sunayen waɗanda ya bari da godiya ga waɗanda suka zo, na naɗe takardar na koma na zauna. Na faɗi gaskiya, na tona wa kaina asiri a gaban garin da na koya wa karatu, kuma abin da nake ji kawai shi ne ɗan yatsan nan.

A maƙabarta, ana cikin jera bulo ana shafe kabarin da siminti, wata tsohuwa mai suna Doreen ta ratso ta kama hannuna. Shekarun baya na ba mijinta wannan kalmar a kan domino, ita ce wadda ta daina gaishe ni. Ta matse hannun, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

“Sannu, Malama. Ashe ke ma 'yar ƙungiyarmu ce. Da kin faɗa tun tuni, ai da mun ajiye miki kujera.”

Na ce mata na gode. Ban san ko tausayi ne ko ramuwa ba, ban kuma damu in sani ba.

Washegari Lahadi gidan ya yi fayau. An kwashe bencuna, Waveney ta koma gidanta ba sallama, Onika na barci. Ina kicin a sama ina wanke manyan tukwanen da aka ara, ina tunanin wace ce ta wa. Ban ji shigowar Sookdeo ba. Daga baya ya gaya mini cewa ya tura hannu ta saman ƙyaure ya zare sakata ya shigo, ya mayar, ya yaye wa kejin ƙyalle don tsuntsun ya sha iska kafin ya gama ɗaure katako a bayan kekensa.

Sai aka yi fito. Sama da ƙasa.

Ban yi tunani ba. Na ajiye tukunya, na goge hannu a jikin riga, na zura silifas, na kama matakala ina faɗin abin da na saba faɗa.

“Ina zuwa! Kai dai ba ka da hannu ne? Kullum sai mutum na cikin aiki.”

Na ratsa tsakar gida, na zare sakata, na ja ƙyauren. Gadar katako ba kowa. Ruwan lambatu na kwance da ganyen bado a kai, wata akuya na cin ciyawa a ƙetaren titi, bas ya wuce da kiɗa. Na tsaya riƙe da ƙyauren, ina duban dama, inda yake ɓullowa. A nan ne Compton ya mutu a wurina, ba a kan kwalbati ba. Abin ya taso mini, na durƙusa a kan katakon na yi wani irin kuka da ban san muryata na da shi ba. Baƙin ciki ne, tsantsarsa, kuma ya yi mini yawa.

Sookdeo ya zo ya tsaya a bayana, bai taɓa ni ba. Ya bari har na fara jan numfashi.

“Yi haƙuri, Malama. Da na sani ban buɗe shi ba. Tun ranar bai yi ko tari ba, sai yau.” Ya ci gaba, don shi mutum ne da ba ya iya barin shiru ya zauna. “Fiton nan shi ya cuce shi. Shekara da shekaru muna gaya masa, Compton, daina yi wa tsuntsun nan fito a ka, in ka daina zai manta. Sakatar nan ko da gwiwar hannu ana zare ta, ga shi ni yanzu na zare. Sai ya yi kunnen uwar shegu da mu. Ran nan da na matsa masa, na ce kai wai ba ka son ka ci ko sau ɗaya kafin ka mutu? Ya ce yana so mana. Ya ce amma in ya buɗe da kansa, wa zai sauko yana yi masa masifa? Wai shi sai ya ga kin sauko kina faɗa yake sanin ya iso gida. Muka yi ta yi masa dariya.”

Na ɗago na dubi sakatar. Ƙaramar sakata ce, ta yi tsatsa, yaro ma zai zare ta daga waje. Kusan shekara arba'in ina saukowa, ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Kalmar da na ba shi ba ƙarya ba ce. Ya ɗebi safiyata ya kai wa tsuntsu, ya bar 'yarsa a bakin titi, duk wannan ya faru. Amma kalmar abin da mutum ya ɗauka daga gida kawai take aunawa. Cin gasar da ya hana tsuntsun saboda ni, kowace Lahadi, a gaban abokansa suna yi masa dariya, ba ta da wurin sa shi, sauran ukun ma ba su da shi. Kuma na riga na faɗa. An ji, an kai gida, simintin kabarin ya bushe tun jiya. Ba a yi wa mutum jana'iza sau biyu.

Onika ta fito saman matakala da rigar barci, tana tambayar me ya faru. Na dafa ƙyauren na miƙe, na share fuska da gefen riga. Sookdeo ya riga ya sauko da kejin, yana riƙe da shi a hannu, Gwamna na tsalle daga sanda zuwa sanda, ko a jikinsa.

“Mayar da shi kan ƙusarsa,” na ce.

“Malama, in ya zauna a nan ba zai taɓa ci ba.”

“Na sani. Gobe ka zo ka nuna mini ciyawar da yake ci.”

Ya dube ni, ya dubi tsuntsun, ya je ya rataye shi. Ya kwance katakon da ya ɗaure a kekensa, ya tura keken ya fita ta gabana, ya haye gadar. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Sannan na tura ƙyauren na mayar da sakata, don in an sake yin fito a samu abin da zan sauko in buɗe.